Fuskar da Na Gani a Cikin Tabarau

Na san wasunku za su zage ni kafin su kai ƙarshen wannan, kuma ba zan hana kowa ba, don ni ma na zagi kaina har na gaji. Amma ku bari in faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe. Ranar Talatar nan lafiya lau na tashi, har da 'yar waƙata ina goge doguwar rigata mai ruwan toka.

Ga waɗanda yau suka fara bina, ina aiki ne a shagon buga manyan hotuna. Bana ta talla, allon shago, hoton da ake mannawa a jikin mota, duk mu ne. Oga, mai shagon, shi ke fama da inji, wani dogon abu da ya cinye rabin ɗakin, yana gurnani yana amayo leda mai warin tawada. Ni kuma ina kan kwamfuta a lungu kusa da taga. Aikina in karɓi hoton da mutum ya kawo, in shirya shi yadda ko an buga shi kamar faɗin ƙofa ba zai fashe ba. Hoto ai ɗigo-ɗigo ne aka jera. Idan ɗigon ba su da yawa, a waya za ka gan shi tas, amma da an faɗaɗa shi sai fuskar mutum ta koma kamar an jera bulo. Muna da manhajar da ke cike gurbin, ta ƙara ɗigo, ta gyara ido da baki. Sai dai ba ta san mutumin ba, canka kawai take yi. A rana sai in faɗa wa mutum biyar cewa, "Abin da kyamara ba ta kama ba, kwamfuta ba ta dawo da shi, ƙirƙira take yi." Ku riƙe wannan maganar, don ni mai faɗar ta ban riƙe ba.

Shi kuma wanda ake zancen a kansa, a gidanmu Likita ake ce masa. Ba likita ba ne, gwajin ido yake yi yana yanka gilashin tabarau. Amma tun da ya gyara wa Mama nata, ta koma zura zare a allura da kanta, ta ba shi digirin, babu kuma wanda ya isa ya karɓe. Shekararmu ɗaya da rabi tare. Ranar Asabar ɗin nan babansa da ƙanen babansa za su zo su ga Abba a kan maganarmu. Mama ta wanke labulen falo sau biyu. Ta sa an sauya rigunan kujeru, ta hana kowa zama a kan babbar, har Abba. Shekarata ashirin da bakwai, kuma duk gwaggon da ta leƙo gidanmu sai ta ƙirga min su da babbar murya, sannan ta juya ta dubi Auta ta ce, "Ke dai yi haƙuri, yayarki ta tare hanya."

Auta ƙanwata ce, ɗakinmu ɗaya, durowar kayanmu ɗaya. Shekararta ashirin da ɗaya, tana da wushirya, kuma irin mutanen nan ne da ko buhu suka ɗaura sai ya yi musu kyau. Ina son ta, Allah ya sani. Amma shekara uku da suka wuce akwai wani mai sayar da taya da ya yi zuwa uku wurina, a na huɗu Auta ta kawo masa ruwa, washegari ya turo min saƙo yana neman lambarta. Duk gidan aka yi ta dariya, har da ni, na ma fi kowa ƙarfin murya. Dariyar nan har yau tana maƙale a wuyana.

To, wajen ƙarfe goma na safe sai ga saƙon Likita. Zai buɗe shagon kansa ƙarshen wata, ni zan yi masa allo.

"Ranki ya daɗe, ga hoton da za a sa. Mita uku nake so, yadda mai ciwon ido ma zai hango ni daga titi."

Na buɗe. Shi ne tsaye a jikin farin bango, cikin riga mai ruwan sararin samaniya, da tabarau ɗinsa mai baƙin baki. Murmushi yake, amma wani iri, irin na mutumin da kunya ta kama shi kuma yana jin daɗin kunyar. Ban taɓa ganin hoton ba. Na duba girmansa, na yi tsaki.

"Likita, wannan ko katin gayyata ba zai yi ba. An tura shi an sake turawa har ya rame. Ina na asalin? Ka turo min shi a matsayin fayil, kada waya ta matse shi."

"Yana tsohuwar wayata, tana gida cikin durowa. Sai na nemo cajarta. Ki fara da wannan."

"Ka biyo da rana in ɗauke ka sabo."

"A'a, wannan nake so."

"Me ya sa?"

"Ranar ina cikin farin ciki."

Yatsana ne ya rubuta tambayar kafin in yi shawara da shi.

"Wa ya ɗauke ka?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga shi: "Ke ma dai! Tambaya kike?" da fuskar dariya har guda uku.

Jama'a, ku faɗa min, wannan amsa ce? Mutum ya yi wa kyamara murmushin da bai taɓa yi min ba, na tambaye shi wa ke riƙe da ita, ya turo min haƙora. Na ajiye wayar na ce wa kaina aiki zan yi, ba ruwana. Na ɗora hoton a kwamfuta, na fara jawo shi kusa don in ga inda zai fashe. Kafaɗa, wuyan riga, haɓa. Ina kaiwa tabarau sai na ga wani ɗan koren abu a gilashin hagu, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Na ƙara jawowa. Gilashin ya kama inuwar wanda ya ɗauki hoton. Bulo-bulo ne kawai, kamar guda ashirin, amma shekara huɗu ina kallon irin wannan, idona ya san siffar mutum. Hannu a ɗage da waya. Kai a lulluɓe. Mace ce. Mayafinta kore, da farin layi a bakinsa.

Akwai koren mayafi mai farin baki a durowarmu. Na Auta ne, tana ji da shi, tun ranar da na ɗiga masa tawada ta daina ba ni aro.

Na san me za ku ce, koren mayafi ai ya cika kasuwa. Ni ma na faɗa wa kaina haka. Na tashi na sha ruwa, na dawo, na yi wa wata mai sayar da turare aikinta, na sake dawowa. Hoton yana nan yana min murmushi. Kishi mugun abu ne, ba ya zuwa da ihu, zama yake kusa da kai yana cewa duba kawai za ka yi, ai duba ba laifi ba ne. Sai na yanko wannan ɗan wurin, na jefa shi cikin manhajar, na ce ta ninka shi sau goma sha shida.

Ta yi ta juyi, sannan ta ba ni fuska. Wata dattijuwa ce mai kumatu, kamar mai shirin yi min faɗa. Na ce a'a, ba daidai ba ne. Na sauya saiti na sake sawa. Wannan karon wata doguwar fuska ta fito da idanu a ware, ban taɓa ganin mai kama da ita ba. Na ce wannan ma kuskure ne. Na ƙara ƙarfin gyaran fuska har ƙarshe, na sa a karo na uku.

Siririn hanci. Gira a kwance. Baki a ɗan buɗe, da wani duhu a tsakiyar haƙora wanda idan ka so sai ka kira shi wushirya. Ni kuwa na so.

"Wace ce wannan?" Oga ne a bayana, yana goge hannu da tsumma.

"Aikin wani ne," na ce, ban juyo ba.

Ya sunkuyo ya ga ɗan guntun da na yanko a gefe. Ya yi dariya. "Daga wannan kika fitar da mutum? Sau nawa kika sa?"

"Uku."

"Fuska nawa ta ba ki?"

"Uku."

"To me ya sa kika ajiye wannan kika goge biyun?"

Ya girgiza kai ya ce, "Ki gaya wa mai aikin ya kawo na asali. Kada ki sayar masa da matar da ba a haifa ba." Ya koma wajen injinsa.

Da ina da hankali a lokacin, nan maganar za ta mutu. Amma da Oga ya fita cin abincin rana, sai na sami ragowar leda mai faɗin sallaya, na buga fuskar nan a kai, na naɗe, na cusa a jakata tun tawadar ba ta gama bushewa ba. Duk yinin ranar ina aiki ina lissafi. Ranar da Likita ya ce Auta tana da hankali. Ranar da ya kawo mata tabarau na rana ya ce tsaraba ce. Ranar da ta dawo daga makaranta a makare ta ce mota ce ta lalace. Kowane abu na ɗauko na jera, kuma kowanne ya zauna daram, kamar dama jira yake in kira shi.

Ƙarfe biyar na shiga gida. Mama tana falo a ƙasa, don ita ma ta hana kanta kujera, tana ɗinke bakin wani matashi. Auta tana kusa da ita cikin riga da siket na atamfa, tana yanke farce tana ba ta labari. Ta ɗago ta ce, "Yaya, sannu da zuwa. Na goge miki leshin Asabar, yana kan gado."

Na zaro ledar na shimfiɗa a tsakiyar kafet, na danne gefe da ƙafa.

"Mama, wa kika gani?"

Mama ta gyara tabarau ɗinta, wanda shi ya yanka mata, ta duƙa. "Wannan kamar Auta, kamar ba ita ba. Hancin nan dai ba na gidan nan ba ne. Me ya sami idonta ɗaya?"

"Ita ce. A cikin gilashin Likita na ciro ta. Ita ta ɗauke shi hoto, yana mata murmushi kamar zai narke, kuma hoton yake so a kafa a ƙofar shagonsa."

Abin yankan farcen ya faɗi daga hannun Auta. "Ni? Yaushe? A ina?"

"Ni zan tambaye ki. Mayafin wa ye wannan?"

"Yaya, wallahi ban taɓa riƙe wayar Likita ba. Ko lambarsa ba ni da ita!"

"Haka aka ce lokacin mai taya."

Ina faɗa na san na wuce gona da iri, amma bakina ya riga ni. Auta ba ta yi ihu ba. Ta dube ni, idonta ya cika, ta yi magana a hankali.

"Tun ranar mai tayar nan nake gudun baƙinki, Yaya. Shekara ɗaya da rabi Likita yana zuwa gidan nan, kin taɓa ganin na kai masa ruwa? Idan na ji sallamarsa ɗaki nake shigewa, ko fitsari nake ji sai ya tafi. Na ɗauka kin lura."

Ban lura ba. Maimakon jikina ya yi sanyi, sai zuciyata ta ce min ai mai gaskiya ba ya ɓuya. Kun ga irin halin da nake ciki.

Mama ta ɗora hannu a ka. "Ke 'yar nan, ki rufa min asiri! Saura kwana huɗu mutane su zo. Ki naɗe wannan aljanar kafin Abbanku ya shigo. Ke da kike cewa kwamfutarku ƙarya take yi, yau ta zama shaida?"

Auta ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da koren mayafin ta ajiye a gabana, ta ɗauki filonta ta koma ɗakin Mama. Ni kuma ina tsaye a wurin na ɗauki hoton ledar da wayata, na tura wa Likita.

"Na ga wadda ta sa ka farin ciki. Ka ce wa Baba kada ya wahalar da kansa ranar Asabar."

Ya karanta nan take. Ya kira, na kashe. Ya sake kira, na sake kashewa. Sai ya rubuto: "Auta kike nufi? Ƙanwarki?" Na kife wayar, ina jin wani ɗaci a bakina wanda a lokacin na ɗauka nasara ce.

Washegari na tafi aiki ba wanda ya ce min a dawo lafiya. Auta ba ta fito ba, Mama kuma ta amsa gaisuwata da kai. Na zauna a lunguna ina buɗe ayyuka ina rufewa. Ƙarfe goma da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara. Likita ne. Babu sallama, babu "ranki ya daɗe". Fayil ne kawai, mai nauyi, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya sauka.

Na tura shi kwamfuta na buɗe. Hoton nan ne, amma na asali, wanda ba a matse ba, ba a kuma yanke gefensa ba. Ana ganin zaren rigarsa ɗaya-ɗaya. A ƙasan farin bangon, wurin da aka yanke a wancan, akwai soket mai fasasshen murfi. Na juya a hankali na dubi bangon da ke bayan kujerata. Soket ɗin yana nan, har yau Oga bai sauya murfin ba.

Na jawo gilashin hagu. Wannan karon ban buƙaci wata manhaja ba. Ƙarama ce, amma a fili take. Waya ta rufe rabin fuskarta. Agogo a hannun dama, don ni bahaguwa ce. A bayanta ga dogon inji da naɗin leda a kansa. A bakin koren mayafin, daidai kafaɗa, ga ɗan ɗigon shuɗiyar tawada.

Ni ce.

Na duba kwanan watan da ke jikin fayil ɗin, shekara biyu cif. Sai abin ya dawo min guntu-guntu. Ranar na ƙona mayafina da dutsen guga, na figi na Auta na fito a guje. Wani mutum ya zo karɓar bana ta wurin aikinsu, ya ce in taimaka in ɗauke shi hoto da wayarsa, za a yi masa katin aiki. Irin wannan nakan yi wa mutum goma a mako. Ya tsaya a jikin bango ya haɗe rai, na ce, "Malam, ɗan saki fuska mana, ba kotu ba ce." Na ɗauka, na miƙa masa wayarsa, na koma kan aikina. Ko fuskarsa ban riƙe ba. A lissafina, mun fara haɗuwa ne wata shida bayan nan, ranar da ya zo wai yana tambayar yadda ake buga katin shago.

Saƙonsa ya shigo ina nan zaune kamar an dasa ni.

"Ranar na fara ganinki. Wata shida na yi ina neman dalilin komawa shagon nan. Na ɗauka kin tuna kina tsokanata ne, shi ya sa na yi dariya."

Nan take wani ya biyo.

"Ba mantuwar ce ta dame ni ba. Ke kika koya min cewa na'urar nan ƙirƙira take yi. Kin fi kowa sani, amma kika yarda da ita a kaina, da kan yarinyar da ko ido ba ta taɓa haɗawa da ni ba."

Sai na uku.

"Baba ya tambaye ni da safe ko Asabar tana nan. Na ce masa ya ba ni lokaci."

Na kira shi. Ta yi ƙara har ta katse. Na sake kira, haka. Na rubuta "Don Allah ka yi haƙuri" na goge, don ya yi ƙanƙanta. Na rubuta doguwar wasiƙa na goge, don duk kare kai ne a ciki. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ashe kwana ɗaya cur ina kishi da kaina, kuma a kan haka na yi wa ƙanwata tabon da ban san ranar warkewarsa ba.

Oga ya leƙo ta kafaɗata. "Yauwa, ga na asali. Wannan ai ko mita biyar zai kai bai fashe ba. Allon Likita ne ko? In sa leda, ko mu dakata?"

Na share fuskata da bakin mayafi. "Sa, Oga. Ni zan kai masa da kaina."

Injin ya fara gurnani. Na tsaya a gabansa ina kallon ledar tana fitowa layi bayan layi. Gashin kansa, goshinsa, sai baƙin bakin tabarau. A mita uku, matar da ke cikin gilashin ta kai faɗin tafin hannuna. Duk wanda ya tsaya a ƙofar shagon nan ya ɗaga kai zai gan ni. Abin da yake so ke nan tun farko, ya kafa ni a saman ƙofarsa, ni kuma na aika masa cewa kada babansa ya zo.

Murmushin bai gama fitowa ba wayata ta ɗauki ruri. Na fizgo ta har tana neman suɓucewa. Ba shi ba ne, Mama ce, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai magana a bayan labule.

"Kina ina? Baban Likita ya kira Abbanku yanzun nan. Ya shiga ɗaki da wayar, ya rufe ƙofa." Ta ja numfashi. "Ki taho gida. Kuma duk abin da za ki ji, wurin ƙanwarki za ki fara zuwa."